Aron Suna Don Faɗin Ciwo: Marubutan Injamena Bayan Yaƙi

 Hirar tarihi ta wannan karo ta tsaya ne a Injamena, kuma tambayar da muka ɗauko ita ce: mutumin da ya ga abin da baki ba ya iya faɗa, in ya zauna ya mai da shi ƙagaggen labari, ya sa wa kansa wani suna, yana samun sauƙi kuwa? Ba sai mun je nesa neman amsa ba. Kusan duk wani littafin kirki da ɗan Chadi ya rubuta tun daga 1980, daga irin wannan miki ya fito.

Bari mu fara da sunan garin. Faransawa suka kafa shi a 1900, bayan yaƙin Kuseri inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy duka suka mutu rana ɗaya, suka sa masa Fort-Lamy. A 1973 shugaba Tombalbaye ya sauya sunan zuwa Injamena, kalmar Larabcin Chadi mai nufin wurin da aka huta. To, shekara 6 kawai bayan haka hutun ya ƙare. Ranar 12 ga Fabrairu 1979 rikici ya tashi daga makarantar sakandare ta Félix Éboué, kafin a ankara sojojin shugaba Malloum da na firaministansa Hissène Habré sun raba garin biyu. Maƙwabta da suka shekara suna aron gishiri a hannun juna suka wayi gari ana ce wa wannan ɗan arewa Musulmi, wancan ɗan kudu Kirista. Dattawan Kano za su tuna cewa a garinsu aka zauna sulhu a watan Maris na wannan shekara, aka sake zama a Legas a watan Agusta. Sulhun bai riƙe ba. Daga Maris zuwa Disamba 1980 aka sake gwabzawa, wannan karon tsakanin Habré da Goukouni Oueddei, mutane suka yi ta tsallake ruwa a kwalekwale zuwa Kuseri da abin da kansu zai iya ɗauka.

Ka riƙe waɗannan shekaru biyu a ranka, domin yaran da suke 'yan shekara 18 zuwa 20 a lokacin su ne suka zama manyan marubutan ƙasar.

Amma littattafan farko da suka fito ba ƙagaggu ba ne. Shaida ce tsagwaronta, mutum ya ce ni ne wane, ga abin da aka yi mini. Antoine Bangui minista ne a gwamnatin Tombalbaye, aka kama shi a 1972, bai fito ba sai da sojoji suka kashe shugaban a Afrilu 1975. A 1980 ya fitar da Prisonnier de Tombalbaye, wato fursunan Tombalbaye. Abin lura shi ne littafin da ya biyo baya a 1983, Les ombres de Kôh, bai koma kurkuku ba, ya koma ƙauye da ƙuruciya. Kamar dai mutum ya amayar da abin da ya tsaya masa a maƙogwaro, sannan ya nemi ruwa mai sanyi. Irin wannan rubutu na tarihin kai ya yi yawa a Chadi har wani manazarci, Marcel Bourdette-Donon, ya rubuta littafi guda yana nuna cewa daga nan adabin ƙasar ya samo tushe.

Sai zamanin Habré, daga Yuni 1982 zuwa 1 ga Disamba 1990, lokacin da riƙe alƙalami ma kan iya kai mutum kabari. Hukumar leƙen asirinsa, DDS, tana da gidajen tsare mutane a cikin Injamena, mafi muni shi ne wanda ake kira La Piscine, wurin ninƙayar Turawan mulkin mallaka da aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Gawarwaki kuma ana kai su Hamral-Goz a bayan gari. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa, ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar, ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 suka halaka. A cikin wannan duhu wata mace soja, Rose Lokissim, tana tsare tana rubuta sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda aka ɓatar a guntayen takardu, tana fitar da su a ɓoye don danginsu su sani. Aka gano, aka kashe ta ranar 15 ga Mayu 1986. Wani kuma, Souleymane Guengueng, akawu a Hukumar Tafkin Chadi, da ya fito da ransa sai ya bi waɗanda suka tsira ɗaya bayan ɗaya yana cike takardar kowa, har ya tara 792. Waɗannan takardu, tare da na DDS ɗin kanta da aka tsinta a warwatse a tsohon ofishinta a 2001, su suka kai Habré gaban kotu a Dakar, inda aka yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016.

To ka ga amfanin rubutun shaida ke nan, kuma kada kowa ya raina shi. Kotu ba ta karɓar tatsuniya. Tana son suna, da rana, da lambar ɗaki.

Mutumin da ya fi dacewa mu daɗe a kansa a nan shi ne Zakaria Fadoul Khidir, malamin jami'a, Bazagawe. Shi rubutu biyu ya yi, kuma ciwo biyu ne daban. Na farko, Loin de moi-même, wanda ya fito a 1989, ma'anarsa nesa da kaina, labarin rikicewar hankali ne da ta same shi yana saurayi yana neman ilimi a ƙasashen waje. Ka tsaya ka yi tunani. A wurinmu, daga nan har Abeshe, wa yake fitowa fili ya ce hankalina ya taɓa gushewa? Abu ne da dangi ke rufewa, saboda aure, saboda mutunci. Shi ya sa sunansa a bangon littafi. A shekarar nan dai, ranar 1 ga Afrilu 1989, Hassan Djamous da Idriss Déby da Ibrahim Mahamat Itno suka ɓata da Habré, Déby ya tsere Sudan, sai aka hau kama Zagawa ko'ina, masu laifi da marasa laifi. Aka kama malam Zakaria. Da ya nemi sanin laifinsa, jami'in da ke tuhumarsa ya nuna masa cewa laifin ɗaya na kowa ne. Ya tsira, 'yan'uwansa da dama ba su tsira ba. A 1998 ya fitar da Les moments difficiles a kan wannan tsarewa, daga baya kuma ya tsaya gaban alƙalai a Dakar ya ba da shaida da bakinsa.

Yanzu ga inda maganarmu ta dosa. Akwai abubuwan da mai shaida ba zai iya faɗa ba ko da yana so. Mai shaida dole ya tsaya a matsayin wanda aka zalunta, tsaf, babu tabo. Amma wanda ya rayu cikin yaƙi ya san ba haka abin yake ba. Akwai ranar da ya gudu ya bar wani a baya. Akwai ranar da ya ji daɗi a ɓoye don an kama maƙwabci ba shi ba. Akwai wanda ya yi soyayya ana ruwan harsashi, yana jin kunyar hakan har yau. Wa zai faɗi wannan da sunansa, a garin da kowa ya san kakan kowa? A nan ne ƙagaggen labari yake shigowa. Ka ɗauki abin da ke cinka, ka ɗora wa wani mutum da babu shi, ka ce shi ne ya yi, sannan ka zauna ka dube shi kamar yadda ake duban baƙo.

Dubi Nimrod, wanda aka haifa a Koyom a 1959, yanzu yana zaune a Amiens ta Faransa. Littafinsa na 2001, Les jambes d'Alice, a cikin gudun hijirar Injamena aka kafa shi. Mai ba da labarin malamin Faransanci ne, yana cikin ayarin masu tserewa sai ya hango ɗalibarsa Alice, 'yar wasan ƙwallon kwando, ya bi ta, alhali yana da mata da ɗiya. Ba abin yabo ba ne, kuma marubucin bai ce abin yabo ba ne. Wani zai ce, ana kashe mutane kai kana rubuta ƙafafun budurwa? Ni dai a ganina wannan shi ne gaskiyar littafin. Yaƙi ba ya mai da mutane waliyyai. Yana kwance duk igiyar da ta ɗaure mutum, ta aure, ta aiki, ta kunya, ya bar shi da son ransa tsirara. Babu kwamitin bincike da zai rubuta wannan a rahotonsa. Kuma ba na ce Nimrod ne malamin ba, kada ka fahimce ni a karkace. Abin da yake nasa a ciki shi ne hanyar, da ƙurar, da tsoron, da garin da aka bari a baya.

Kafin shi akwai Baba Moustapha, marubucin wasan kwaikwayo da ya rasu a 1982 yana ɗan shekara 30. Ya bar wani labari da bai ga fitowarsa ba, Le souffle de l'harmattan, iskar hunturu ke nan, wanda sai a 2000 aka buga. Abota ce tsakanin Haroun, Musulmi ɗan arewa, da Ganda, Kirista ɗan kudu. A lokacin da garin ke tsagewa biyu, shi yana zaune yana ɗinke shi a takarda. Marie-Christine Koundja, mace ta farko 'yar Chadi da ta fitar da ƙagaggen littafi, ita ma a 2001 kan wannan tsaga ta rubuta, ta hanyar auren da iyaye suka ƙi saboda addini da ƙabila.

Wanda ya fi kowa tona wannan al'amari har ƙasa, a ganina, shi ne Koulsy Lamko. An haife shi a Dadouar a 1959, yaƙi ya fitar da shi daga ƙasarsa, ya zauna Burkina Faso zamanin Thomas Sankara yana wasan kwaikwayo. A 1998 wani ɗan Chadi ɗan'uwansa, ɗan jarida Nocky Djedanoum, tare da Maïmouna Coulibaly, masu shirya bikin adabi na Fest'Africa a birnin Lille, suka tara marubutan Afirka kusan 10 suka kai su Ruwanda, shekara 4 bayan kisan ƙare dangi, don su gani su rubuta. A cikinsu akwai Boubacar Boris Diop na Senegal, da Véronique Tadjo ta Kodibuwa, da Tierno Monénembo na Gini. Ka lura fa, 'yan Chadi ne a gaban wannan tafiya. Mutanen da suka ga Fabrairun 1979 ba sai an yi musu dogon bayani ba kan yadda maƙwabci ke zama makashi.

Lamko ya rubuta La phalène des collines, ya fito a 2000. Maimakon ya jera abin da ya gani a majami'un da aka bar gawarwaki don shaida, sai ya ba wa wani malam-buɗe-littafi na dare baki. Wannan ƙwaro ruhin wata mace ce da aka yi wa fyaɗe aka kashe, aka bar gawarta a fili masu ziyara suna kallo, ita kuwa abin da take nema kawai a binne ta. Kai mai karatu da ka san darajar sutura da jana'iza a wurinmu, ba sai na fassara maka ba. Dubban iyalai a Injamena ba su taɓa ganin gawar nasu ba, ba wanka, ba salla, ba kabarin da za a nuna wa jikoki. Sauran marubutan suka koma gidajensu, shi ya zauna a Butare shekaru, ya kafa cibiyar fasaha a jami'ar garin, yana aiki da matasa ta hanyar wasan kwaikwayo.

Daga nan ya wuce Meziko, inda ya buɗe gidan saukar marubutan da aka kora daga ƙasashensu. A can ya rubuta Les racines du yucca a 2011, kuma wallahi kamar don hirarmu aka yi shi. Mai ba da labarin marubuci ne ɗan Afirka a birnin Meziko, wanda wata cuta ta kama: jikinsa ba ya shiri da takarda. Marubuci fa! Aka ba shi shawara ya bar gari, sai ya tafi yankin Yukatan, wani ƙauyen 'yan gudun hijirar yaƙin Gwatemala, yana koya musu rubutu. Wata mata, Teresa, ta kawo masa abin da ta rubuta na shekarun yaƙi. Ya ce zai taimaka mata ta gyara shi. Yana jan ta tana fito da abin da ta binne, ashe nasa ne yake tasowa, ƙauyensu, da gudunsa, da ƙasar da ya bari. Likita ya zo ba da magani ya tarar shi ne majinyaci. Littafin bai yi alkawarin cewa rubutu na warkarwa sumul ba. Ya nuna cewa tonon miki da zafi, kuma wanda ya sa wani tono yana da alhaki a wuyansa in jinin ya ƙi tsayawa. Duk mai shirya taron koyar da rubutu a sansanin 'yan gudun hijira, a Difa ne ko a bakin tafki, ya kamata a karanta masa wannan littafi kafin ya raba wa mutane biro.

Masana halayyar ɗan'adam ma sun taɓa gwada abin. A 1986 wani Ba'amurke, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi damunsu a rayuwa, minti 15 a rana har kwana 4, ya kuma ga waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo. Amma ɗaliban jami'a ne a Amurka cikin zaman lafiya, kada a ɗauki awonsu a auna wanda ya kwana a La Piscine.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage, ko da yake namu mikin na cikin gida ne. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, auren bai daɗe ba. Ba ta rubuta tarihin kanta ba. Ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, ta ɗora wa wata yarinya kayan, ta kuma ba yarinyar abin da ita aka hana ta a lokacin, wato karatu har ta zama wani abu. Wannan wata dama ce da ƙagaggen labari kaɗai ke bayarwa: ka sauya ƙarshen.

Mahamat-Saleh Haroun ya yi irin wannan sauyi, shi da kyamara. Haifaffen Abeshe ne a 1961, harsashi ya same shi a yaƙin Injamena yana saurayi, aka tsallaka da shi Kamaru, daga can ya wuce Faransa. Fim ɗinsa na 2006, Daratt, da rediyo ya fara, shi ya sa nake son sa: ana sanar da afuwa ga duk masu laifin yaƙi. Wani tsoho makaho ya ji sanarwar, ya ɗauko bindiga ya ba jikansa Atim, ya ce je ka kashe wanda ya kashe ubanka. Yaro ya zo Injamena ya sami mutumin, ashe mai gidan burodi ne, ya tsufa, yana rabon sadaka, ya ma ɗauki yaron aiki yana koya masa kwaɓa fulawa. A ƙarshe Atim ya kai shi gaban kakansa a cikin hamada, ya harba iska, makaho ya ji ƙara ya ɗauka an rama. Ba a yafe ba, ba a kuma kashe ba. Shekara 10 bayan haka Haroun ya koma ga shaida tsantsa, ya yi fim da waɗanda suka tsira daga hannun DDS suna magana da bakinsu, a 2017 kuma ya fitar da ƙagaggen littafinsa na farko. Mutum ɗaya, yana kai-komo tsakanin hanyoyin biyu, don kowace akwai inda take tsayawa.

Sai dai akwai maganar da ba zan ɓoye maka ba. Wa ya samu sauƙin? Kusan duk littattafan nan da Faransanci aka rubuta su, a Faris aka buga yawancinsu, marubutan kuma suna Amiens, ko Meziko, ko Suwizalan kamar Nétonon Noël Ndjékéry. Matar da mijinta ya ɓace a 1984, wadda Larabcin kasuwa take ji ko Ngambai ko Hausa, ba ta karanta ko shafi ɗaya ba, kuma kuɗin littafi ɗaya da aka shigo da shi daga Faransa ya isa cefanen kwanaki. A nan Hajiya Balaraba ta fi su sa'a, domin da harshen masu ciwon ta rubuta, aka sayar a kasuwa da araha, wadda ba ta iya karatu ba ƙanwarta ta karanta mata, ko ta ji a rediyo. Boubacar Boris Diop ma bayan dawowarsa daga Ruwanda ya juya ya rubuta Doomi Golo da Wolof a 2003. A Injamena akwai masu ƙoƙari, irin cibiyar Al-Mouna da ke buga littattafai a gida, kuma Djedanoum ya kawo Fest'Africa birnin a 2003 don marubutan waje su haɗu da mutanensu. Amma tazarar tana nan.

Su kuwa waɗanda suka ba da shaida, abin da suka nema ba sauƙin zuciya kaɗai ba ne. A Maris 2015 wata kotu a Injamena ta ɗaure jami'an Habré 20, ta yi umarnin a biya diyya, a gina abin tunawa da mamata, a kuma mai da tsohon ofishin DDS gidan tarihi. A Afrilu 2017 kotun ɗaukaka ƙara a Dakar ta tabbatar da hukuncin Habré, ta yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396. Habré ya mutu a Dakar ranar 24 ga Agusta 2021 ba a biya kowa ko dala ba. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba sefa biliyan 10, bayan da yawa daga cikin waɗanda Guengueng ya cike wa takarda sun riga mu gidan gaskiya.